Turancin Motsa Jiki: Yadda Za Ka Koye Shi Mataki-Mataki, Daga Filin Atisaye Har Gaban Likita

Matsalar mai koyon Turanci a fagen motsa jiki ba ƙarancin kalmomi ba ce. Yaron da ke kallon gasar Firimiyar Ingila ya san “penalty” da “offside” tun kafin ya shiga sakandare. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen haɗa kalma da abokiyar tafiyarta: wace kalmar aiki ce ke bin iyo, wacce ke bin ƙwallo, me “3 x 12” ke nufi a takardar koci, kuma ta yaya mutum zai fahimtar da likita cewa tsamin jiki yake ji ba targaɗe ba. Don haka ƙa'idar wannan jagora ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe. Kada ka haddace kalma ita kaɗai. Ka haddace ta cikin gajeriyar jimla, ka faɗe ta a bayyane, jikinka kuma yana yin abin da jimlar ta ce. Abin da za ka tanada littafin rubutu ne, da waya mai ɗaukar murya, da minti 15 a kowace rana.

Mataki na farko: play, go da do

A Hausa “yi” tana ɗaukar kusan komai. Ka yi gudu, ka yi iyo, ka yi dambe, ka yi atisaye, ƙwallo ce kawai muke bugawa. Turanci ya raba wannan aiki gida uku, kuma wanda bai kama rabon ba zai yi ta kuskure a jimlar farko da ya buɗe baki.

“Play” ta wasan da ake da abokin hamayya ce, ana ƙirga maki, galibi da ƙwallo: “play football”, “play basketball”, “play volleyball”, “play table tennis”. Ba a sa “the” a tsakani. “I play football” ake cewa.

“Go” tana bin sunan da ya ƙare da “-ing”, musamman abin da ake fita a yi, ana barin wuri zuwa wani: “go running”, “go jogging”, “go swimming”, “go cycling”. A nan kuskuren da ya fi yawa shi ne cusa “to”, a ce “go to swimming”. “To” ta wuri ce, shi ya sa “go to the gym” da “go to the pool” suke daidai. Akwai wata siga da masu harshen suka fi amfani da ita a hira idan fita ɗaya ake nufi: “go for a run”, “go for a walk”, “go for a swim”. Ka riƙe ta da kyau, tana sa magana ta yi laushi.

“Do” ta kwashe saura, wato wasannin kare kai da atisayen da ake yi a wuri guda: “do karate”, “do judo”, “do yoga”, “do aerobics”, “do push-ups”. Dambe da kokawa da ɗaga ƙarfe sunayensu na Turanci sun ƙare da “-ing”, amma tun da a fili ɗaya ake yin su, “do” suka fi bi, ko kuma a yi amfani da kalmar aikinsu kai tsaye: “He boxes”, “They wrestle”, “She lifts weights”. Idan wasanmu na gida za ka bayyana wa baƙo, ka bar sunan yadda yake ka biyo shi da bayani: “He does dambe, a traditional form of Hausa boxing”, ko “We played langa, a game where you hop on one leg”.

Kalmar da ba ta da gurbi a nan ita ce “make”. Babu “make exercise”, babu “make sport”. 'Yan'uwa na Nijar da Chadi da Kamaru da suka fara da Faransanci sun fi faɗawa wannan rami, domin “faire” tana ɗaukar ma'anar “do” da “make” duka biyu. Su kuma kula da “footing”: a Faransanci sassarfa ce, a Turanci kuwa kafuwar ƙafa a ƙasa ce, “I lost my footing” na nufin ƙafata ta zame. Abin da suke kira “musculation” shi ne “weight training” ko “strength training”.

Ka raba shafi gida uku, ka zuba abubuwa goma da kake yi ko kake kallo, kowanne a gidansa. Sannan ka mayar da su abin da ya wuce, da baki: “played”, “went”, “did”. Kada ka wuce wannan mataki sai “I went running yesterday” tana fitowa ba tare da ka tsaya tunani ba.

Mataki na biyu: sunan abin da kake yi

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran duk wani motsi da tsokoki ke yi wanda ke cin kuzari “physical activity”. Noma, daka, jan ruwa a rijiya, shara, zuwa kasuwa a ƙafa, duk sun shiga. “Exercise” yanki ne daga ciki, wanda aka tsara ake maimaitawa da niyyar ƙarfafa jiki. Wannan bambanci yana da amfani a asibiti. Matar da ke daka da wanki kullum, idan likita ya tambaye ta “Do you exercise?”, amsar da ta fi gaskiya ita ce “I don't exercise, but I'm physically active at home”.

“Exercise” ba a ƙirga ta idan motsa jiki gaba ɗaya ake nufi: “I need more exercise”. Ana ƙirga ta idan nau'in motsi guda ake nufi: “three exercises for the back”. “Workout” zama ɗaya ne na atisaye daga farawa zuwa gamawa, suna ne, a haɗe ake rubuta shi. Kalmar aikinsa a rabe take: “I work out in the morning”. Haka “warm-up” da “warm up”, ɗumama jiki kafin a fara, da “cool-down” da “cool down”, sassautawa a hankali bayan an gama. A suna ƙarfin murya yana kan gaɓar farko, a kalmar aiki yana kan ta biyu. “Training” kuwa akwai abin da aka nufa a gaba, gasa ko gwajin shiga aikin soja: “I'm training for a marathon”.

Wasu kalmomi sun samu wata ma'ana a Turancin Najeriya, ba laifi a gida, amma a jarrabawa ko a waje za su rikita mai sauraro. “Gym” wuri ne, ba aiki ba, saboda haka “I am gymming” ta koma “I'm working out”. “Trek” a wurin Bature doguwar tafiya ce mai wahala ta daji ko tsauni, sau da yawa ta kwanaki. Daga gida zuwa tasha “walk” ce. “Equipment” ba ta da jam'i, idan guda ɗaya kake nufi ka ce “a piece of equipment”. “Weight” nauyin jiki ne, “weights” ƙarafan ɗagawa. Rage ƙiba “lose weight” ce da “o” ɗaya. Mai “o” biyu, “loose”, sako-sako take nufi, kamar rigar da ta yi wa mutum yawa. Ƙara ƙiba “put on weight” ko “gain weight”. “Fit” kuma ba siriri ba ne, mai juriya ne wanda zai hau bene hawa huɗu bai yi haki ba. Akasinsa “unfit” ko “out of shape”.

Mataki na uku: sassan jiki

Hannu a Hausa ɗaya ne daga kafaɗa har yatsa. A Turanci “arm” daga kafaɗa zuwa wuyan hannu ne, “hand” daga nan zuwa yatsu. Haka ƙafa: “leg” daga cinya zuwa idon sawu, “foot” abin da ke taka ƙasa, jam'insa “feet”. Wanda ya ce wa likita “my leg hurts” alhali tafin ƙafarsa ne ke ciwo ya tura shi duba wani wuri daban.

Ka tsaya a gaban madubi ka bi jikinka daga sama, kana taɓawa kana faɗa: “neck” wuya, “shoulder” kafaɗa, “chest” ƙirji, “elbow” gwiwar hannu, “wrist” wuyan hannu, “lower back” gadon baya ta wajen ƙugu, “waist” inda ake ɗaura ɗamara, “hip” kwatangwalo, “thigh” cinya, “knee” gwiwa, “shin” ƙwauri, “calf” sha-raɓa, “ankle” idon sawu, “heel” diddige, “toes” yatsun ƙafa. Yatsun ƙafa ba “fingers” ba ne ko kusa.

A wurin atisaye da gajerun sunayen tsokoki ake magana. “Abs” tsokokin ciki, “pecs” na ƙirji, “biceps” wadda ake nunawa idan ana nuna ƙwanji, “triceps” ta bayanta, “quads” gaban cinya, “hamstrings” bayan cinya, “glutes” mazaunai. “Core” ba tsoka ɗaya ba ce, taron tsokokin ciki da baya da ƙugu ne da ke riƙe gangar jiki.

Kalmar jijiya ita ce ta fi buƙatar natsuwa, domin abubuwa da yawa muke kira da ita. “Vein” da “artery” na jini ne. “Nerve” ita ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. “Tendon” ta haɗa tsoka da ƙashi, kamar “Achilles tendon”, agarar da ke saman diddige. “Ligament” ta haɗa ƙashi da ƙashi a gaɓa. Idan ka ji an ce ɗan ƙwallo ya tsinke “ACL” zai yi watanni yana jinya, irin wannan ce, a cikin gwiwa take.

Wasu kalmomin wannan fage suna da harafin da ba a furtawa. Babu “k” a “knee”, babu “w” a “wrist”, babu “l” a “calf”, babu “c” a “muscle”, babu “b” a “thumb” da “climb”. Ƙarshen “stomach” da “ache” da sautin “k” ake faɗa.

Mataki na huɗu: umarnin koci

A bidiyo ko a fili, koci ba ya yin doguwar jimla. Kalmomin aiki kaɗan ne yake juyawa: “bend” lanƙwasa, “straighten” miƙe, “stretch” miƙa har ka ji ja, “raise” ko “lift” ɗaga, “lower” sauke a hankali, “hold” tsaya a haka, “twist” murɗa, “lean” karkata, “switch sides” koma ɗaya ɓangaren. “Lie on your back” kwanciya rigingine, “lie face down” rub da ciki. “Breathe in” da “breathe out” shaƙa da fitarwa, kuma ka lura “breathe” mai “e” a ƙarshe kalmar aiki ce, “breath” suna ne: “Take a deep breath”. “Raise” tana buƙatar abin da za a ɗaga, “raise your arms”. “Rise” tashi ne da kai, “your heart rate rises”.

Hanyar da ta fi kama ƙwaƙwalwa ita ce ka ɗauki motsi ɗaya ka koyi umarninsa gaba ɗaya. Ga na tsuguno, wato “squat”: “Stand with your feet shoulder-width apart. Keep your back straight. Bend your knees and push your hips back. Keep your heels on the floor. Lower yourself until your thighs are parallel to the floor, then stand up.” Ma'ana ka ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗunka, baya a miƙe, ka lanƙwasa gwiwa kana tura ƙugu baya, diddige kada ya bar ƙasa, ka sauka har cinyoyi su kwanta daidai da ƙasa, sannan ka tashi. Ka ɗauki muryarka kana karanta wannan a hankali, ka kunna, ka bi umarnin kanka sau goma. Sigar “keep your … straight” ita ce za ka fi ji a ko'ina, kuma ita ce ta kiyaye lafiya. Wanda bai gane “keep your back straight” ba ya ɗaga ƙarfe daga ƙasa da baya a ranƙwafe, gadon bayansa ne zai ɗauki nauyin da cinya ya kamata ta ɗauka.

Gobe ka ɗauki wani. “Lunge” ka jefa ƙafa ɗaya gaba ka sauka har gwiwar baya ta kusa ƙasa. “Plank” ka dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, da daƙiƙa ake auna shi: “Hold for 30 seconds”. “Push-up” tura ƙasa, “pull-up” ka rataya a sanda ka ja jikinka sama, “sit-up” ka tashi zaune daga rigingine, “crunch” kafaɗu kawai ke barin ƙasa. “Deadlift” ɗaga ƙarfe daga ƙasa zuwa cinya, “bench press” tura shi sama kana kwance a benci.

Tafiya da gudu ma hawa-hawa ne: “stroll” tafiyar shan iska, “walk”, “brisk walk” tafiya da sauri, “jog” sassarfa, “run”, sai “sprint”, gudun ƙure ƙarfi na ɗan gajeren zango. Tsalle uku ne: “jump” da ƙafa biyu, “hop” da ƙafa ɗaya, “skip” da igiya.

A nan furucin “p” da “f” zai dame ka, domin harshenmu bai raba su ba. “Pull” ja ne, “full” cikakke. “Lap” zagaye ɗaya na fili, “laugh” dariya. Ka riƙe 'yar takarda a gaban baki. A “p” leɓɓa biyu suna rufewa ruf, iska ta fashe, takardar ta yi tsalle. A “f” haƙoran sama suna kan leɓen ƙasa, iska tana fita ba yankewa. Minti biyu a rana na “push, pull, plank, pace” da “fit, fast, foot, form” za su taimaka wajen gyara shi.

Mataki na biyar: karanta takardar atisaye

“Rep” gajeren “repetition” ne, yin motsi sau ɗaya cikakke. “Set” rukunin da ake yi a jere kafin a huta. “Squats 3 x 12” ana karanta shi “three sets of twelve reps”: ka yi 12, ka huta, har sau uku, jimla 36. Yawanci lambar farko ta rukuni ce. “Rest 60 sec” hutun daƙiƙa 60 tsakanin rukuni. “Each side” ko “per leg” na nufin adadin na kowane ɓangare ne, don haka “10 each side” 20 ne, kuma mutane da yawa rabin aikin suke yi saboda tsallake waɗannan kalmomi biyu. “Bodyweight” babu ƙarfe, nauyin jikinka kawai. “To failure” ka yi har ka kasa ƙara ko ɗaya da tsari mai kyau, mafari kuma bai kamata ya fara da wannan ba. “Form” shi ne tsarin jiki yayin motsi. “Circuit” jerin motsi daban-daban a bi su ɗaya bayan ɗaya. “HIIT” aiki mai tsanani na ɗan lokaci da gajeren hutu a tsakani, sanannen nau'insa “Tabata” daƙiƙa 20 aiki, 10 hutu, sau takwas, minti 4 ke nan. “Spot me” roƙo ne ka tsaya kusa ka taimaka idan ƙarfe ya fi ƙarfin mai ɗagawa.

Ka duba ma'auni kafin ka taɓa ƙarfe. Amurkawa da “pounds” suke aunawa, ana rubuta shi “lb” ko “lbs”. Kilo ɗaya ya kai 2.2 nasu, saboda haka “100 lbs” wajen kilo 45 ne. Wanda ya ɗauka kilo 100 ake nufi ya ninka nauyin fiye da sau biyu, kuma ta haka ake jin rauni. Sandar ƙarfe irin ta gasa, “barbell”, ita kaɗai kilo 20 ce ta maza, 15 ta mata, ana lissafa ta cikin nauyin. Ƙananan na hannu ɗaya su ne “dumbbells”. A gudu, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, zagaye ɗaya na filin tsere mita 400, “5K” kilomita 5, “marathon” kilomita 42.195. “Pace” minti nawa kake cin kilomita ɗaya: “I run at six minutes per kilometre”.

Mataki na shida: sau nawa, tsawon wane lokaci, da wane ƙarfi

Tambayoyi uku ne: “How often?”, “How long?”, “How hard?”. Amsar farko “once a week”, “twice a week”, “three times a week”, “every other day” wato ana tsallake rana ɗaya. Ta biyu da “for” ake ba da ita idan tsawon lokaci ne, “for 30 minutes”, da “since” idan mafari ne, “since January”. Jimlar da ake yawan ɓatawa ita ce ta abin da aka fara tuntuni har yanzu ana yi. Daidai ita ce “I have been running for two years”, ba “I am running since two years” ba. A kula kuma, “I used to play” na nufin da ina yi yanzu na daina. Mai son cewa ya saba yi kullum sai ya ce “I usually play”.

Ta uku tana da kalmomi uku: “light”, “moderate”, “vigorous”. Ana gane su da magana. A matsakaici kana iya hira amma ba ka iya rera waƙa, a mai tsanani kalma kaɗan za ka faɗa sai ka ja numfashi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 18 zuwa 64 ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Yara masu shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 a rana. Ka gwada faɗar wannan da Turanci da bakinka, ya ƙunshi kusan duk kalmomin matakin. “Cardio” ko “aerobic exercise” shi ne mai sa zuciya bugu, “strength” ƙarfi, “stamina” ko “endurance” juriya, “flexibility” laushin gaɓɓai. “Resting heart rate” bugun zuciya a lokacin hutu, ga babba yana tsakanin 60 da 100 a minti.

Mataki na bakwai: ciwo

Wannan shi ne matakin da muka fi so mai karatu ya ba wa lokaci, domin kuskure a nan ba maki yake ci ba, lafiya yake ci. Ciwo kalma ɗaya ce a wurinmu, Turanci yana da huɗu. “Sore” tsamin jiki ne, irin wanda ke zuwa washegarin atisaye, yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72 sannan ya lafa da kansa: “My legs are sore”. “Ache” ciwo ne mara kaifi mai daɗewa: “My back aches”. “Pain” suna ne, ya fi ƙarfi: “I have a pain in my knee”. “Hurt” ita ce kalmar aikin yau da kullum: “My knee hurts”. “My knee is paining me” da ake ji a Najeriya likitan gida zai gane, amma a waje “hurts” ake cewa. Tsami ba ya hana ci gaba da motsi mai sauƙi. Ciwo mai kaifi a cikin gaɓa kuwa umarnin tsayawa ne, kuma kocin da ka ce wa “sore” alhali “sharp pain” kake ji zai ce ka daure ka ci gaba.

Sai ka iya siffanta shi. “Sharp” mai suka, “dull” mai nauyi a ciki, “throbbing” mai zogi kamar bugun zuciya, “burning” mai raɗaɗi, “shooting” mai harbawa daga wuri zuwa wuri, misali daga ƙugu zuwa ƙafa. “Numb” wurin ya mutu ba ka jin taɓi, “pins and needles” jin kamar ana tsira maka ƙananan allurai, “stiff” ya sandare, “swollen” ya kumbura.

“Sprain” da “strain” harafi ɗaya ya raba su. Na farko targaɗe ne, jijiyar da ke haɗa ƙashi da ƙashi ce ta ji rauni, an fi samunsa a idon sawu da wuyan hannu: “I sprained my ankle”. Na biyu tsoka ce ko jijiyarta ta ja fiye da kima: “I strained my hamstring”, a hira “I pulled a muscle”. Gocewar ƙashi “dislocate”: “He dislocated his shoulder”. “Fracture” da “break” abu ɗaya ne a wurin likita, kada ka ɗauka na farko ya fi sauƙi. “Cramp” ɗaurewar tsoka farat ɗaya, “stitch” sukar gefen ciki lokacin gudu, “bruise” taruwar jini ƙarƙashin fata, “blister” bororon da takalmi ke jawowa. Ka lura yawancin jimlolin da “my” ko “his” suke tafiya, kuma mai raunin ne ke zama mai aikatawa ko da ba da gangan ya yi ba.

“Out of breath” hakin da kowa ke yi bayan gudu ne, minti kaɗan ya wuce. “Short of breath” numfashi ne ke gaza mutum ba tare da wani aikin kirki ba, likita zai ɗauke shi da muhimmanci. Jimloli uku ka haddace su har su zama jiki: “I feel dizzy”, ina jin jiri, “I feel faint”, kamar zan suma, “I have chest pain”, ƙirjina na ciwo. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikinsu a tsakiyar atisaye ya tsaya nan take, ciwon ƙirji kuma asibiti ake kai shi ba jinkiri.

Ga wasu daga cikin tambayoyin da likita kan yi: “Where does it hurt?”, “When did it start?”, “Can you put weight on it?”, wato kana iya takawa, “Does it get worse when you bend it?”, da “On a scale of one to ten, how bad is it?”. Ka rubuta wa kowacce amsa cikakkiya. Za ka kuma ci karo da “RICE” a takardun taimakon farko, haruffan farko ne na “rest, ice, compression, elevation”: hutu, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, ɗauri da bandeji ba matsewa sosai ba, da ɗaga wurin sama da ƙirji.

Mataki na takwas: gasa, da bambancin Ingila da Amurka

“Win” wasa ko kofi ake yi wa, “beat” abokin hamayya. “We won the match”, “We beat them two-nil”. “We won them” kuskure ne. Rashin nasara “lose to”, kunnen doki “draw with”. Fili ma kowane wasa da sunansa: ƙwallon ƙafa “pitch”, kwando da tanis “court”, tsere “track”, damben zamani “ring”, iyo “pool”.

Makarantunmu Turancin Ingila suke bi, bidiyoyin intanet kuwa da yawa na Amurka ne. Ingila “football”, “press-up”, “trainers”, “skipping rope”, “athletics”. Amurka “soccer”, “push-up”, “sneakers”, “jump rope”, “track and field”. Takalmin da muke kira kambas shi ne wannan “trainers” ɗin. Ka san duka biyun, amma a rubutun jarrabawa ka tsaya kan ɗaya.

Mataki na tara: haɗa su wuri guda

Ka ba kowane mataki kwana biyu, na huɗu da na bakwai kwana huɗu-huɗu. Daga ranar farko ka riƙa rubuta layi uku bayan kowane atisaye: me ka yi, nawa, yaya jikinka. Misali: “I went for a 20-minute jog. Then I did three sets of ten push-ups. My calves are a bit sore.” Ka lura “20-minute” ba ta da “s” idan ta zo gaban suna. Kalmomin aikin da ba sa bin ƙa'ida su ne za su riƙa kuɓuce maka, ka rubuta su a bangon littafin: “ran, swam, rode, threw, caught, held, bent, won, lost, beat”.

A ƙarshen kowane mako ka kunna bidiyon atisaye na minti 10 a YouTube, ka kife wayar, ka bi da kunne kawai. Duk inda ka tsaya ba ka san me za ka yi ba, ka koma wurin, ka buɗe rubutun da ke fitowa a ƙasa, ka kwashe jimlar gaba ɗaya zuwa littafinka. Mai shirin jarrabawar Turanci ta IELTS kuma ya ƙara abu ɗaya. A kashi na biyu na jarrabawar baki ana ba da minti ɗaya na shiri da har minti biyu na magana, kuma wasanni da motsa jiki suna cikin batutuwan da ake tambaya. Ka saita agogo, ka yi bayanin wani motsa jiki da kake yi da gaske, ka amsa me, ina, sau nawa, da wa, da abin da yake yi wa jikinka. Ka saurari muryar, ka ƙirga kurakuran “play, go, do” da na “p” da “f”, ka sake ɗauka bayan kwana uku ka gwada da ta farko.